Ƙwallo Biyu na Anwar

Maccido direba ya kasa gane lamarin. Ƙanensa Anwar, ɗan wasan gaba a ƙungiyar unguwarsu a Kaura Namoda, ƙwallo biyu kacal ya ci bana, amma shi aka ba kyautar gwarzo. Abokin wasansa Sirajo mai ƙwallo goma sha ɗaya ko sannu bai samu ba.

Koci Ishaya ya ce masa, "Ranar wasanmu da Zurmi, bar kallon ƙwallo, kalli ƙanenka."

Ya kuwa kafa masa ido. Duk inda Anwar ya ruga, 'yan bayan Zurmi uku na biye da shi. Sau biyu aka ɓarke da ihu, Maccido bai waiwaya ba.

Da aka tashi ya tambayi koci, "Wa ya ci?"

"Sirajo, duka biyun."

Maccido ya cire hula ya sosa kai. "To ni yanzu wa zan yi wa barka?"