Ƙusa Biyu a Ƙofar Mai Guga

"Kama ƙafafun! Kai dai kama ƙafafun, ni na riƙe kan," in ji mai faci.

Masinja ya ajiye jakar ofis a ƙasa, ya sunkuya ya kama. Ƙafafun Mai Guga sun kumbura har fatar tana sheƙi, duk inda yatsa ya taɓa sai wurin ya lotsa. A kan teburi dutsen guga yana zaune bisa rigar wani, hayaƙi ya fara tashi, kuma babu wanda ya tuna da shi sai da 'yar Mai Guga ta fito a guje ta ɗauke.

"Rigar mutane," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Ku duba rigar mutane."

"Baba, ka bar zancen riga!"

Suka shiga da shi a karkace, don ƙofar ɗakin ƙarama ce. A daidai wannan lokaci, da nauyin mutum a hannunsa, idon Masinja ya kai kan katakon ƙofar. Bai so ya duba ba, amma ya duba. Ƙusa biyu. Suna nan yadda suke.

Duk layin an san ƙusoshin Mai Guga. Shekarar da matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, ya kafa ƙusa tara a jikin katakon, kowace da takardunta a soke: ta haya, ta mai magani, ta ƙanin matar, ta wane da wane. In ya kai wani abu, sai ya karɓo 'yar takarda ya soke a kan ƙusar mai ita. Ranar da bashi ya ƙare, sai ya ari filaya wurin mai faci ya zare ƙusar, ya zauna yana kallon ramin kamar wanda aka yi wa albishir. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa.

"Ƙaramin za ka fara kashewa," haka yake gaya wa Masinja. "Manyan ka riƙa jefa musu abin da zai rufe musu baki. In ka zare ƙusa ɗaya ka ji daɗin nan, shi zai ba ka ƙarfin ta gaba. Wanda ya fara da babba, a hanya yake gajiya."

Shekara shida, ƙusa takwas sun fita. Saura ta mai gawayi, wadda ba ta taka kara ta karya ba, da babbar da ya ƙara daga baya, ta janareta.

Babbar ce ke cin Masinja. Shekara biyu da suka wuce Mai Guga ya so ya bar gawayi ya koma dutsen lantarki, mai kanti ya ce zai ba shi janareta a riƙa biya wata-wata, amma sai mai albashi ya tsaya masa. A layin nan mai albashi guda ne. Masinja ya sa hannu, har da ɗan alfahari, ya ja wa sunansa wutsiya irin ta manyan ofis. Wata na uku janaretan ya ƙone ƙurmus. Mai Guga ya karkaɗe tsohon dutsensa ya koma gawayi, ya ci gaba da biyan kuɗin abin da ke ƙarƙashin gado yana tsatsa. Saura dubu arba'in. In tsohon ya faɗi, takardar ta ce mai kanti ya nufi wanda ya sa hannu.

Masinja kuwa 'ya'yansa biyar. Babbar za ta zauna jarrabawar fita bana, kuɗin rajista wata mai zuwa. Akwai haya, akwai mai shago na bakin titi da ya fara amsa gaisuwa da hanci. Shi ba ya kafa ƙusa. Nasa a ka suke, yana lissafa su a cikin motar haya har ya wuce inda zai sauka.

Da ya dawo gida ranar, matarsa na tsince shinkafa a tire.

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. An kai shi asibiti, sun ce zuciya ce. Sun rubuta magani, kullum sai ya sha."

"Allah ya ba shi lafiya." Ta hura tiren. "Kai kuma me ya same ka? Kamar kai ne ka faɗi."

"Babu komai."

"Sa hannun nan ne ko? Ai na gaya maka a lokacin. Ka ce mace ba ta san takarda ba."

"Yanzu lokacin wannan maganar ne?"

"Ban ce komai ba," in ji ta, ta ci gaba da tsinta.

Mai Guga ya dawo gida bayan kwana huɗu. Tsayuwa ta gagare shi, sai 'yarsa ta karɓi teburin. Ita da aurenta a wata unguwa, ta bar yara wurin uwar miji ta dawo jinya. Gugarta ba ta kai ta uban ba, karin wando yakan fito biyu, masu kaya suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ne ke aiko kuɗin magani duk mako. Duk Talata tsohon yakan sa hula, ya ɗauki sanda, ya ce zai je kemis da kansa, wai likita ya ce ya riƙa taka ƙafa, kuma a can ake auna shi.

Masinja yakan leƙa da yamma in ya taso. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi a hankali, fiye da yadda takalmi ke buƙata.

"Shigo, na ofis," in ji Mai Guga wata ranar. Yana jingine da matashi biyu, numfashinsa na fita da ƙara. "Ni ka zo dubawa ko ƙusa?"

Kunya ta kama Masinja har kunnensa ya yi zafi. "Haba Baba. Wace irin magana ce wannan?"

"To mene ne? Ni ma da ni ne, ƙusar zan duba. Tsoho ai an saba ganinsa." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Yaya 'yar makaranta? An biya na jarrabawar?"

"Ana dai fama."

"A biya mata. Yarinyar nan tana da kai. Ita kaɗai ce a layin nan ke gaishe ni ba tare da ta kawo wanki kyauta ba."

Da zai fita, Masinja ya sake satar kallo. Takardun babbar ƙusar sun ƙara kauri, ta saman sabuwa fil, ko ƙura ba ta hau ba. Ƙaramar kuwa tana nan da tsohuwar takardarta guda, mai tabon yatsa baƙi.

"Baba, har yanzu mai gawayi ba ta fita ba? Ina dokar?"

"Mai gawayi budurwata ce. In na biya ta, ai ta daina zuwa."

'Yar ta yi dariya daga waje. Masinja ma ya yi. A hanyar gida wani abu ya taso masa a rai: guga ta ja baya, daga ina sabuwar takarda ta fito? Ya tsaya a bakin famfo kamar zai koma. Sai ya tuna kuɗin rajista, ya ce wa kansa wataƙila surukin ne ya ƙara hannu. Ya shige gida. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Wata Talatar an aike shi da wasiƙa can cikin kasuwa. Daga tagar mota ya hango Mai Guga zaune a kan dakalin wani shago, sanda tsakanin gwiwoyi, baki a buɗe yana neman iska. Kemis ba ta wannan hanyar take ba. Kanti ne a nan, layi biyu gaba. Masinja ya ɗaga hannu zai buga wa direba ya tsaya, sai motar ta ja, shi kuma ya bar hannun ya sauko a kan jakarsa. Wasiƙar ta gaggawa ce, haka ya gaya wa kansa.

A mako na shida ƙafafun suka ƙi shiga takalmi, kumburin ya hau har ciki. Ranar Asabar da hantsi, Masinja na wanke wa ƙaramin ɗansa kai a tsakar gida, ya ji ihun 'yar Mai Guga. Ya fita da kumfa a hannu.

Tsohon na zaune a kan gado, don kwanciya ta daina yi masa. Ya gane shi.

"Na ofis."

"Na'am, Baba. Bari a nemo mota."

"Bar mota. Na gaji da hawa da sauka." Ya ɗan huta. "Filayar mai faci... ka aro min."

"Baba, wace filaya kuma yanzu?" in ji 'yar, tana kuka. "Sambatu ya fara."

Kafin mai faci ya dawo da mota, tsohon ya cika, kansa a kafaɗar 'yarsa, hannunsa ɗaya a kan gwiwa, babban yatsan nan da zafin dutse ya mayar kamar fatar takalmi.

Aka kai shi kafin rana ta karkata. Mutane suka zo suka tafi. Masinja ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa, yana amsawa, kansa kuwa na ta rabawa da tarawa: in mai kanti ya yarda da dubu uku a wata, in aka jinkirta haya, in aka sayar da rediyo. Ya ji haushin kansa, amma lissafin bai tsaya ba. A ɗakin mata ne suka cika, bai samu ya duba ƙofar ba.

Ran Litinin ya nemi izini a ofis ya tafi kanti. Ya shirya maganarsa tun a hanya, har da inda zai sa rantsuwa. Mai kanti na kan kujera yana danna waya, fankoki da rediyoyi jere a bayansa.

"Ranka ya daɗe, na zo ne kan maganar Mai Guga. Allah ya yi masa rasuwa shekaranjiya."

Mai kanti ya ajiye wayar. "Ash-sha! Allah ya jiƙansa. Ai na ga alama. Talatar nan da ƙyar ya hau matakalar nan, sai da na sa aka ba shi ruwa."

"To, ni ne na tsaya masa. Na zo a duba min, a sassauta, ko da kaɗan-kaɗan ne..."

"A sassauta me?" Ya jawo littafi ya buɗe, ya juyo masa da shi. Layi ja ya ratsa shafin daga sama har ƙasa. "Ya gama. Duk Talata yana nan, dubu bakwai, dubu bakwai, ta ƙarshe biyar. Na ce masa Baba, wata-wata muka yi da kai, me kake gaggawa? Ya ce akwai wanda yake so ya sauke wa kaya." Ya laluba aljihun teburi ya fito da takarda. "Ga sa hannunka. Ya ce in ka zo in ba ka. Ya ce za ka zo."

Masinja ya karɓa. Ga sunansa, ga wutsiyar da ya ja masa. Ya yi godiya, ya fito, ya tsinci kansa zaune a kan dakalin nan na layi biyu baya. Ya daɗe a wurin. Dubu bakwai ya san ko kuɗin mene ne: na maganin mako ne, shi ya karanta wa 'yar Mai Guga takardar likita. Ya jira ya ji nauyin ya sauka daga kafaɗarsa. Ya sauka ɗin kuwa, abin da ya fi damunsa ke nan.

Da yamma ya sami 'yar tana ɗaure kayan uban. Ta jawo janaretan daga ƙarƙashin gado, ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Kawu, ka ga ikon Allah," in ji ta. "Bai taɓa fashin kemis ba, duk Talata. Maganin ne dai bai karɓe shi ba."

Masinja ya dubi janaretan.

"Kwana ne ya ƙare," ya ce.

"Haka ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Takardun nan na ƙofa fa? Ni ban san kansu ba. Ina tsoron a ce akwai mai binsa."

Ya fito da filayar daga aljihu, ya biya ta wurin mai faci ya aro ta a hanya. Babbar ƙusar ta shige sosai, sai da ya dafa ƙafa a bango kafin ta fito da ƙara. Ya miƙa mata takardun. "Wannan ya biya duka. Ki adana."

"Waccan fa?"

Ya zare ƙaramar. Ba ta yi gardama ba. Takarda guda, dubu huɗu da ɗari biyar, da tabon yatsan mai gawayi.

"Wannan tsakanina da shi ne."

Matarsa na kwashe shanya ya shigo. Ta dubi ƙusar, ta dubi takardar, ta dubi fuskarsa. Ya gaya mata a taƙaice, bai ɓoye Talatar da ya gan shi daga mota ba. Ta tsaya da kayan a kafaɗa.

"Rajistar yarinya fa?"

"Za a biya. Wannan ɗari biyar-biyar zan riƙa kaiwa."

Ta ajiye kayan a kan turmi, ta je bayan randa ta ɗauko dutsen da suke tokare ƙofa da shi, ta miƙa masa. Ya sa ƙusar a jikin katakon ƙofar ɗakinsu.

"Ɗaga sama kaɗan," in ji ta. "Yara za su yage."

Ya ɗaga. Ya buga sau uku, ya soke takardar. Daga ƙetaren katanga ana jin 'yar Mai Guga na zazzage tokar dutsen guga, tana buga shi a hankali a gefen teburi.