Gilashin da Baduku Ya Ɗinke

Ranar da Inuwa dillalin kayan hoto ya shigo shagon Datti a Kawo, ko mutum ɗaya bai zauna gaban kyamara ba tun safe. A 1991 ne, kowa ya koma hoto mai kala, shi kuwa mai kala sai mai babur, wanda zai bi biki da suna ya ɗauka, ya garzaya da fim cikin gari a wanke. Datti ba shi da babur. Abin da yake da shi tsohon injin faɗaɗa hoto ne a ɗakin duhu, da niyyar rufe shago in wata ya mutu.

Inuwa ya ce tsofaffin gilasan irin wannan inji yake saye yana kaiwa Ikko. Ya zazzage gwangwanin da Datti ke tara su, yana ɗaga kowanne sama, yana karanta rubutun da ke kewaye da bakinsa. Wannan ya yi hazo a ciki. Wancan na Rasha ne, kuɗinsa bai wuce na goro ba. Sai ya ci karo da wani ɗan akwati fanko, ya karanta murfin. Ya ce mazaunin wannan akwati gilashin kwafar taswira ne ƙirar Jamus, in yana nan lafiya zai saye shi a kuɗin babur har da canji. Amma gobe da safe zai bi jirgin ƙasa.

Dariya ta kama Datti har sai da ya dafa kanta. Tun da ciniki ya ja baya yake raba gilasan nan kyauta, bai san wanne ya ba wa ba.

Audi tela, maƙwabcin shagonsa, ya tayar da Vesparsa ya goya shi, suka tafi neman gilashin. Kafin su kai gida har sun zaɓa wa baburin da za a saya kala, sun yi musu a kan madubi. A gida Ramatu matar Datti ta fito da nata daga cikin kwalla, wanda take cire wa yara sartse da shi. Ba shi ba ne. Sai na Malam Isma'ila na Rigasa, tsohon malamin allo da ganinsa ya yi rauni, wanda Datti ya ba guda bara don karatu.

A hanya murnar Datti ta fara tsami. Kyauta ya yi, kuma shi ba ya cikin masu komawa wa kyautarsu. Audi ya ce ai ba ƙwace za su yi ba, musaya ce: ga ƙaramin na Rasha a aljihu, a ba Malam, a yi shiru. Datti ya yi ta juya maganar. In ka ba mutum abin da ya fi masa amfani, amma bai san darajar abin da ya saki ba, ka cuce shi ko ka taimake shi? Audi ya ce ya bari sai sun hau baburin su tattauna.

Suka tarar da Malam a zaure, gilashin rataye a wuyansa. Ya kai wa baduku an ɗinke shi cikin jar fata kamar laya, idanun gilashin kawai aka bari. Sunan da Inuwa ke nema yana ƙarƙashin fatar, in ma yana nan.

Bayan gaisuwa Datti ya miƙa na Rasha, ya ce a gwada. Malam ya ɗora shi a kan littafi, baƙaƙen suka taso manya-manya. Ya yi kabbara, ya cire igiyar daga wuya nan take, ya miƙo. Hannun Datti ya riga ya tafi, sai bakinsa ya riga hannun isa.

"Allah gafarta Malam, na wuyan nan yana iya yin kuɗin babur."

Audi ya taka masa ƙafa.

Malam ya janye hannu. "Yana iya yi, ko ya yi?"

Datti ya ce sai an farke fatar za a sani. Malam ya ce to ba ya halatta a yi musaya da abin da ke ɓoye, a kawo reza. Da kansa ya farke ɗinkin, zare bayan zare, har farin rubutu ya bayyana a bakin ƙarfen, daidai da na murfin akwatin. Datti ya toshe baki, dariyar ta fito ta hanci.

Amma yanzu mai abu ya san abinsa. Malam ya gyara zama, ya karanta shafi guda da na Jamus, a hankali, ya sake karanta shi da na Rasha. Gumi ya jiƙa wa Datti hula. Audi ya ƙura wa rufin zaure ido yana motsa leɓe.

"Mai hoto," in ji Malam, "Bajamushen naka malalaci ne. Wasali ma da kyar yake nuna mini. Ɗauki abinka."

Sai dai da sharaɗi: Datti ne zai biya baduku ya ɗinke sabon, kuma duk Juma'a baburin zai zo Rigasa ya kai Malam masallaci.

Da la'asar Inuwa ya ɗaga gilashin sama, ya juya shi, ya ce bai taɓa ganin tsoho mai tsabta haka ba, fatar ta hana shi ko ƙwarzane. Ya taya, Datti ya ce albarka don kada a ce ya yi zumuɗi. Inuwa ya ƙara, Datti ya sallama.

Shago bai rufu ba. Duk Juma'a ana ganin jan babur ya fito daga Rigasa, Malam a baya yana riƙe da rawani, yana cewa a ƙara wuta. Datti dai bai daina tambayar Audi ba, da ya yi shiru ran nan bai faɗa wa Malam ba, da me za a kira abin? Audi, yana taka keken ɗinki, yakan ce da an kira shi babur marar fasinja.