Gurasar Asror

Shekara talatin da uku gurasar nan tana rataye a bangon ɗakin Muattar. Ta bushe ƙamas kamar katako, amma gurbin haƙoran ɗanta Asror yana nan a gefenta. Ranar da za a tafi da shi yaƙin Afganistan ya gatsa, ita kuma ta rataye sauran, domin wanda ya bar lomarsa a gida dole ya dawo ya ƙarasa. Bai dawo ba. Gawa ma ba a kawo ba, sai takarda mai layi biyu, wai ya ɓace.

Ƙaninsa Mirkomil ya girma ya zama mai zana hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Tashkent. Wata takwas yana fama da taswira, yana neman inda sabon layi zai haɗu da tsoho ba tare da an taɓa unguwarsu, Tutzor, ba. In ya karkata gabas, ruwa ne a ƙasa. In ya yi yamma, asibitin haihuwa. Gaba kura, baya siyaki. Duk inda ya juya fensir sai mahaɗar ta dawo kan gida goma sha ɗaya, cikinsu har da nasu. Wayyo, shi da kansa ya sa hannu a rushe su.

Ya tarar da uwar tana ciro gurasa daga tanderu.

"Ka rame," ta ce. "Matarka ta daina sa nama a shinkafa ne?"

"Oyijon, akwai magana," ya ce, yana kiranta yadda ake kiran uwa a can.

"Maƙwabta sun riga ka. Wai ɗan Muattar ya yi karatu har ya koyi rushe gidan uwarsa. Zauna, shayi na nan."

Ya zauna a ƙarƙashin rumfar inabi, ya shiga lissafa mata alherin sabon gida: bene na huɗu, ruwan zafi, taga mai kallon lambu.

"Na tambaye ka ruwan zafi? In yayanka ya dawo, wace ƙofa zai buga?"

"Oyijon, shekara talatin da uku fa..."

"Ni na haife shi, ba sai ka ƙirga mini ba. Ba inda za ni. Su rushe da ni a ciki."

Ya san halinta sarai, za ta aikata. Sai ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma, ya kama yatsanta mai ƙurar gari ya ɗora a wani ɗigo.

"Nan ne ƙofarmu. A nan matakalar fitowa daga tasha za ta kasance, daidai nan."

Ta daɗe tana kallo. "Tashar, yaya sunanta?"

Tun ranar Litinin aka gama wannan magana a ofis. Ya roƙa a sa mata sunan unguwarsu, shugabansu Tolib-aka ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Tutzor kuma? Haba Mirkomil, wa zai tuna da ita bayan an share ta?" Aka zaɓi suna na zamani mai nufin ci gaba, har an ba da aikin sassaƙa shi a dutse.

"Tutzor," ya ce wa uwar.

Fuskar tsohuwa ta saki. Rabon da ya ga haka, shi kansa ya manta.

"To ai shi ke nan! Zai ji an kira Tutzor ya sauka. Masu sayar da tikiti za su gaya masa inda muka koma, ko?"

"Za su gaya masa."

Ya san ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma sai nan da shekara biyar za a buɗe tashar, uwarsa kuwa tana da tamanin da huɗu. Da ya kama kansa yana wannan lissafi, sai ya ji ya tsani kansa.

Ta shiga ɗaki, ya bi ta. Ta yi ɗage ta sauko da gurasar Asror, ta hure ƙurar, ta naɗe ta a farin mayafi. A bangon sai wata da'ira fes, inda rana ba ta taɓa taɓawa ba.

Ta dawo tsakar gida ta gutsura masa mai zafi.

"Ci, kada ta huce. Da ma na gaya wa maƙwabta, Mirkomil ba zai bari yayansa ya ɓata ba."

Ya kai lomar baki, ya tauna, ya tauna, ta ƙi wucewa.