Fiyus Ɗaya a Ndokoti

Tun ranar da yayana Mudi ya sauya wa tsohuwar Karinarsa inji na ce masa motar nan za ta kunyata wani. Ban san ni ba ne.

Injin sabon yayi ne, ɗan Beljiyam, ya zo da ƙwaƙwalwarsa da tarin wayoyinsa. A jikin salansa, wato bututun hayaƙi, akwai wani ɗan ƙarfe kamar fulogi, mu a Douala sond muke ce masa. Aikinsa ya shinshina hayaƙi ya gaya wa ƙwaƙwalwar ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. To wayarsa ba ta kai ba, saura taƙi biyu. Ni ne mai gyaran wutar mota a gidanmu, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki a unguwar New Bell, amma Mudi bai jira ni ba. Direba ne, a ganinsa duk wanda ya iya riƙe sitiyari ya iya komai. Ya yanko wayar wata matacciyar fanka ya ƙara, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif har ta yi dunƙule kamar curin fura, ya ɗaure da robar tayar keke. Mota ta tashi, ya zo yana min dariya.

A daminar da bama-bamai suka tashi a Marwa ne. Kakana ya zo Douala tun zamanin Faransawa, a New Bell aka haife ni, ban taɓa taka Marwa ba. Amma a watannin nan in ka shiga tasi da hula da gemu, sai ka ga na kusa da kai ya matsa. Matanmu kuwa abin ya fi yi musu tsanani, don ko'ina maganar da ake yi ita ce a ƙarƙashin mayafi ake ɓoye abin.

Ranar Asabar Mudi ba ya gari, aka ce in kai mahaifiyarmu, Inna Azumi, suna a Logbaba. Allah Ya jiƙanta. Da tana raye da ba ku ji wannan labari ba. Ta zauna a baya da dogon hijabinta mai ruwan toka, kuloli biyu na waina a gefenta.

Muna shiga cunkoson Ndokoti, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na tura ta gefe, daidai inda 'yan bensikin, wato 'yan acaba, suke jera baburansu. Na buɗe akwatin fiyus, na tarar na ƙwaƙwalwa ya ƙone. Ina da guda biyu a aljihu. Na sa ɗaya, na murɗa makulli, ya yi fat nan take. Nan na gane waya ce ta taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma ba sai an gaya min wayar wa ba. Wayoyin da ke ɗumama sond, Mudi ya haɗa su da ƙwaƙwalwa a fiyus guda.

"Auta, lafiya?" in ji Inna.

"Aikin ɗanki ne, Inna. Minti goma."

Na ɗauki mitata na shiga ƙarƙashin mota. Mitar nan in ta sami wayar da ta taɓa ƙarfe kuka take yi. Na ɗora allura ɗaya a kan waya, ɗaya a jikin mota, ta ce tiii. Na sake gwadawa don in tabbata, ta sake cewa tiii. Ni a kunnena amsa ce kawai. Ban tsaya na yi tunanin yadda take a kunnen wanda ke tsaye a waje ba, yana kallon Bahaushe mai gemu kwance ƙarƙashin mota da wani baƙin dunƙule a hannu, wayoyi na lilo.

Wani ya durƙusa ya leƙo. Muka haɗa ido. Ya miƙe da gudu yana ihu da Faransanci cewa ga bam.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Aka ja ni ta ƙafa aka fito da ni, mari ya sauka ta inda ban gani ba, hulata ta faɗi. Ina ta cewa ni makanike ne, New Bell nake, da Faransanci, da Turancin kasuwa, ba mai ji. Wasu na gudu, wasu na ƙara matsowa da duwatsu. Na hango wani yana gangaro tsohuwar taya. Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da ake yi da taya a irin wannan taro.

Wani jandarma da ke kula da mararrabar ya kutso, bindiga a hannu. Ba babba ba ne, kuma na ga bakin bindigar yana rawa. Wannan ya fi komai tayar min da hankali.

"C'est quoi ça? Mene ne wancan a ƙarƙashi?"

"Sond ne, Shef. Wayar inji ce ta ƙone."

"Me ke yin kuka?"

Na nuna masa mitar a ƙasa. Ya ture ta da takalmi zuwa kwata, ya ja da baya.

"Ka ce inji ne. To tayar da shi in gani. In bai tashi ba, ni kaɗai ne a nan, ka gan su."

Fiyus ɗaya ya rage min. In na sa shi ban gano inda wayar ta taɓa ba, zai ƙone kamar ɗan'uwansa, shi ke nan. Na roƙi minti biyar. Ya ce uku, ya kori mutane baya kaɗan, na koma ƙarƙashi ba mita, ba fitila.

Sai hannu. Na kama wayar daga gindin sond na fara bin ta da yatsa. Salansa bai huce ba, duk inda bayan hannuna ya gogi ƙarfen sai in ji fata ta ɗaye. Dunƙulen Mudi lafiya lau yake, abin haushi. Na wuce shi. Wayar ta hau saman bututu, inda ido ba ya kaiwa.

Daga nan ƙafafu kawai nake gani, kuma suna dawowa a hankali. Na ji warin fetur, ba na motata ba. Sai wata murya ta tashi, wasu suka karɓa: matar fa? Me ke ƙarƙashin mayafinta? Me ke cikin kuloli? Jandarman yana ta cewa a ja baya, muryarsa ta fara shaƙewa. Dutse ya daki gilashin baya.

Na ji ƙofa ta buɗe. Na ga silifas ɗin Inna sun sauka a kwalta, dab da fuskata. Kula ɗaya ta sauko, aka kifar da ita, waina ta watse a taɓo. Ta biyu ma haka. Na ce, "Inna, koma ciki," ban san ko muryar ta fita ba.

Sai hijabin ya faɗo ƙasa.

Bayansa mayafin kafaɗa. Bayansa ɗankwali.

Shekarunta sittin da takwas. Ni da ta haifa, tun da na yi wayo ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Na ga ƙafafunta suna juyawa a hankali, zagaye guda, don kowa ya gani. Wurin ya yi tsit, har ina jin hon ɗin motoci can nesa.

A cikin shirun nan yatsana ya faɗa kan wurin. Robar keken ta tsinke, wayar fanka ta kwanta a kan bututu, ta narke ta manne. Na sa ƙarfi na ɓamɓare ta, na gutsire ta gaba ɗaya, na raba bakunan na lanƙwashe kowane gefe guda. Injin zai yi aiki ba sond, sai dai ya zuƙi mai ya yi hayaƙi.

Na fito ta ɗaya gefen don kada in kalle ta. Sau biyu fiyus ɗin yana kuɓuce min. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Injin ya ja, ya ja, ya kama.

Wani ya yi dariya. Wasu har da tafi. Mai tayar ya jingina ta da bango kamar dama ajiye ta ya zo yi. Jandarman ya share gumi ya ce in tafi, yanzu, kada in tsaya. Inna ta koma cikin mota. Wata mai sayar da gasasshiyar ayaba ta tsince kayan Inna daga taɓo ta miƙa mata ta taga, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Na ɗaga madubin ciki sama, na tuƙa ina kallon gabana kawai. Sai da muka yi nisa ta yi magana.

"Auta, juya gida. Hijabin ya jiƙe."

"To, Inna."

"Ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba."

"To ba a yi komai ba. Ko Mudi kada ya ji."

Bayan kwana uku Mudi ya dawo. Ya tayar da motar, ya ga baƙin hayaƙi, ya leƙa ya ga an gutsire wayarsa. Ya shigo tsakar gida yana kallon hannuna da ke naɗe da bandeji, ya ce ashe gwanin New Bell bai iya komai ba sai yanke aikin mutane da ƙona kansa. Inna na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na ce masa haka ne, Yaya.