Jinin Yaya a Katin Auta

Likitar fata ta sake duba takardar gwajin karo na uku. Auta ta gyara zama a gabanta.

Wata huɗu ke nan tana shan ƙwayar da ta kwantar mata da ƙurajen fuska. Mai sayar da kayan kwalliya a shagon mutane, ga fuska duk ƙuraje, ai ta sha habaici har ta gode Allah. Sai dai ƙwayar da sharaɗinta: gwajin jini duk wata, in kitsen jini ya hau a dakatar. Watan jiya nata ya ɗan ɗaga. Shi ya sa wannan karon ta yi ta magiya har Yayarta ta sa takunkumin fuska, ta ɗauki katin Auta, ta miƙa hannu aka ɗebi nata. Kamarsu ɗaya, kuma Yaya ko ciwon kai ba ta yi, in ji ta.

"Kina jin nauyi a ƙirji?" likita ta tambaya.

"A'a."

"Haki fa, in kin hau bene?"

Nan take wani abu ya faɗo wa Auta a rai. Sau biyu Yaya ta tsaya a matattakala ɗazu, ta dafe bango, wai takalmi ne ya matse ta.

"Kitsen ya yi mugun yawa, alamar kumburi a jini ma ta hau," in ji likita. "Masu ƙuraje akan ga nasu ya ɗaga, amma ba haka ba. Da a jikin babba na ga wannan, yau zan tura shi wajen likitan zuciya. Ke yarinya ce, wataƙila ƙwayar ce. Ki ajiye ta mako biyu mu sake gwadawa. In ya sauka mu ci gaba."

Mako biyu kacal, Auta ta raya a ranta. Ta kawo nata jinin, a ga ya sauka, a mayar mata da ƙwayarta, shi ke nan an rufa asiri. In kuwa ta faɗi gaskiya, matar nan ba ta ɗaukar wargi, ba za ta ƙara rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba. Amma ta san halin Yaya sarai. In ba likita ce ta gaya mata ido da ido ba, cewa za ta yi gajiyar keken ɗinki ce.

Ta leƙa ta ƙofar da ba a gama rufewa ba. Ga Yaya a kan benci, rungume da jakar Auta, tana murza kafaɗarta ta hagu. Suka haɗa ido, Yaya ta ɗaga mata gira, alamar "mun yi nasara?"

Tsoro da kunya suka rufe Auta. Ta shafa kumatunta, sumul, yadda ta yi shekara shida tana roƙo.

"Likita."

"Na'am."

"Ba jinina ba ne. Mai jinin tana waje."

Likita ta ajiye biro. Sannan ta rufe katin Auta, ta ture shi can gefe.

"Kira min ita. Ki ce ta taho a hankali."