Sittin Ɗin Baba

Da suka wuce bas ta uku, Maman Ɗigo ta daina yaudarar kanta. Ta leƙa ta tsakanin kujerun gaba ta dubi maleji. Allurar tana kan sittin, ko gezau. Ta dubi waje, ta ga turakun lantarki suna wucewa kamar ana fizge su. Sai ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

"Yau kowa tafiyar hawainiya yake yi," in ji surukinta daga bayan sitiyari, bakinsa har kunne. "Dubi bas sabuwa fil, tsohuwata ta bar ta a baya. Kin gani ko? Tsohon abu gyara kawai yake so."

"Haka ne, Baba," ta ce. Bai ma ji ta ba.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi, kuma da lissafi yake tuƙi. Tun da ya sayi 'yar motar nan shuɗiya, kafin ma a haifi mijinta, bai taɓa wuce sittin ba. Da kunnensa ya yi nauyi, ya daina jin kukan inji, sai ya mayar da dogaronsa kacokan kan allurar nan. Abin da ta ce shi ne gaskiya, sauran duk surutu ne.

Matsalar kuwa, allurar ƙarya take yi, kuma a cikin motar nan Maman Ɗigo kaɗai ta sani.

Giyar motar ce ta fara mutuwa. Ta uku ba ta zama, da an saka ta sai ta yi tsalle ta fita, har Baba ya saba riƙe sandar da hannu kamar mai riƙe akuya a kasuwa. Ɗansa, wato mijinta, bakanike ne da garejinsa, ya ce a sauya giyabos ɗin ɗungurungum. Baba ya ce, "Gyara na ce, ba canji ba. Yadda aka ƙero ta haka za ta mutu." Shi kuwa gogan naka ya ce to, ya ja mota gareji, ya buɗe ya tarar haƙoran sun cinye, babu abin gyarawa. Sai ya samo giyabos na wata mota da ta fi wannan ƙuruciya da gudu, ya ɗora, ya wanke kafireta, ya sauya salansa, ya mayar da tsohon kan sandar giya don kada a gane. Ya dawo ya ce wa ubansa an gyara.

Ita ya faɗa wa gaskiya, yana wanke hannu da omo a tsakar gida, yana ta washe baki. "Motar nan yanzu tashi kawai take nema. Saura abu biyu. Malejin bai dace da sabon giyabos ba, yana nuna ƙasa da ainihin gudun sosai. Birkin kuma na da ne, bai kai ƙarfin motar ba. Asabar zan ƙarasa. Na ɓoye makulli. Don Allah kada ki bari Baba ya ji, kin san halinsa."

Ya manta cewa mai lissafi ba ya zama da makulli ɗaya. Na biyun yana cikin gidan tabarau.

Yau Alhamis, Ɗigo tana da ganin likitan ƙirji a babban asibitin garin gaba da ƙarfe goma. Bakwaini ce, don ƙanƙantarta ne kakanta ya laƙaba mata wannan suna, kuma wata biyu suka yi suna jiran ranar nan. Mijinta ya yi sammako ya tafi kasuwar kayan gyara nemo birkin. Direban da suka yi alkawari da shi ya kashe waya. Tana tsaye a ƙofar gida da jaka, sai ta ji kukan motar, Baba ya fito da ita ya buɗe mata ƙofar baya.

A nan ya kamata ta yi magana. Gaskiya a nan ta yi wauta. Amma tsohon ya sa hularsa ta fita, ya goge gilashi da hankicinsa, murna fal fuskarsa. Shekara huɗu tana gidan nan ba ta taɓa musa masa ba, balle ta ce masa ɗansa ya yi masa ƙarya. Ta ce a ranta ai Baba ba ya gudu. A cikin gari kuwa lafiya lau suka tafi. Da suka hau babban titi ne abin ya zama abin tsoro.

Ta laluba wayarta ta kira mijinta. Amfanin nauyin kunnen Baba ke nan, ana iya magana a bayansa.

"Muna hanya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Baba ne ya ɗauko mu."

"A wace motar?"

"Ta Baba," ta ce. Ta ji hayaniyar kasuwa a bayansa, ta ji numfashinsa ya sauya.

"Innalillahi. Nawa allurar take nunawa?"

"Sittin."

"Kun haura tamanin ke nan. Ina kuke?"

"Mun wuce gidan mai na ƙarshe."

"Maman Ɗigo, saurara. Gangarar gada tana gabanku. Birkin nan ba zai riƙe ta a gangara ba. Ki sa ya tsaya, ki ce komai."

"In faɗa masa?"

Wallahi sai da ya yi jim. 'Yarsa tana cikin mota, amma sai da ya yi jim. "Ki fara gwada wata dabara tukuna. In ya ƙi..." Sai layin ya yanke, sun shiga tsakanin duwatsu. Ta dubi wayar kamar ta maka ta da ƙasa.

Ta matso gaba ta ɗaga murya. "Baba, a ɗan rage. Kamar Ɗigo za ta yi amai."

Ya nuna allurar da ɗan yatsa. "Sittin nake, 'yar nan. In na rage mun makara."

"To a ɗan tsaya in gyara ta."

"Nan babu wurin tsayawa, kwalta ce sai rami. Bayan gada akwai fili."

Bayan gada. Ta san gangarar nan sarai. Doguwa ce, ta ƙare da kwana, kwanar kuma ta zube kan gada mai faɗin mota biyu cif. Duk sanda suka bi ta a bas takan ga fasassun gilasai a gefe tana kawar da kai. Ta ƙara rungume yarinyar. Ɗigo kuwa barcinta take yi, bakinta a buɗe, ƙirjin nan nata da suka sha wahala a kansa yana hawa yana sauka.

Wani farin dutse mai lamba ya wuce ta taga. Sai ta tuna abin da Baba yake faɗa wa duk wanda ya shiga motarsa, har mutane sun gaji da ji.

"Baba, wai da gaske ne a sittin, daga dutsen kilomita zuwa na gaba minti ɗaya ne?"

Wannan kam ya ji shi tar. Ya gyara zama. "Cif. Ba ƙari ba ragi. Shekara huɗu, sai yau kika yi tambayar kirki." Ya kwance agogonsa da haƙori ya miƙo baya. "Riƙe. In na ce yanzu, ki dubi allurar sakan. Yanzu."

Ta zuba wa agogon ido. Goma. Ashirin. Suka wuce wata motar kaya, iskarta ta girgiza su. Talatin. Arba'in.

"Yanzu."

"Arba'in da biyu, Baba."

Ya yi dariya. "Ke dai a ajina da kin sha bulala. Ba ki fara daidai ba. Sake. Yanzu."

Ta sake. A tsakiyar ƙidayar ta ji hancin motar ya sunkuya. Sun shiga gangara. Can ƙasa ta hango gadar, da wata tirela maƙare da rodi tana jan ciki za ta hau ta, da tankar mai tana tahowa daga ɗaya ɓangaren.

"Yanzu."

"Arba'in."

Ta ga ƙeyarsa ta sandare. "Agogon nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ba agogon ba ne, Baba, malejin ne." Ba ta san tana da irin wannan murya ba. "An canja giyabos. Ba naka ba ne, na wata mota ne. Gudun da kake yi ya fi tamanin, birkin kuma ba shi da ƙarfi. Ka tsaya, don girman Allah ka tsaya!"

Bai waiwayo ba, bai tambaye ta komai ba. Ya taka birki. Motar ta yi ƙara, ta ɗan lafa, sannan warin ƙuna ya cika ciki, ta ci gaba da zubawa kamar ba a taka komai ba. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi kusan ƙasa. Ɗigo ta farka ta tsandara kuka. Bayan tirelar yana ta girma a gilashi, har Maman Ɗigo tana ganin jan ƙyallen da aka ɗaure a bakin rodin yana kaɗawa. Babu wurin kaucewa, tankar ta cika hannun nata. Ta kifa kanta a kan yarinyar tana salati.

Sai ta ji ya taka kuloci, ya ba da wuta, ya cusa sandar a ta uku.

Ta uku. Wadda ba ta zama. Ta ɗago ido ta ga ya danne sandar da dukkan ƙarfinsa, jijiyoyin hannunsa sun fito raɗa-raɗa. Injin ya yi wani irin ihu da ko kurma zai ji, motar ta yi turjiya, jakar Ɗigo ta faɗo daga kujera. Giyar ta zauna daram. Ya bari allura ta sauko, ya sake taka kuloci ya jefa ta biyu, ya ja birkin hannu kaɗan-kaɗan. Jan ƙyallen ya zo har ya shafi gilashin gaba, ya ja da baya. Tankar ta wuce da hon ɗinta, direban yana zagi ta taga.

Haka suka haye gadar a bayan tirela, a hankali. A filin da ya ambata ya tsaya ya kashe inji.

Ya daɗe hannuwansa suna kan sitiyari. Hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Can ya juyo ya dubi jikarsa, ya sa ɗan yatsa ya share mata hawaye, ta kama yatsan ta kai baki.

"Ta uku ba ta fita ba," ya ce.

"Eh, Baba."

"Da tawa ce, da ta fita."

Tsoron bai sake ta ba, ga kuma wani sabo ya hau kai, na abin da ta faɗa da yadda ta faɗe shi.

"Tsohuwar giyar tana ina?"

"Tana bayan gareji, an rufe ta da buhu. Ya ce haƙoranta sun ƙare. Ya yi ƙoƙarin gyarawa, Baba, wallahi ya yi."

Ya gyaɗa kai. "Ni kuwa tun safe ina ta yi miki fariya." Ya faɗe shi a hankali, ta ji tausayinsa har ya fi ƙarfin haushin da take ji na mijinta.

Ya karɓi katin asibitin Ɗigo, ya juya bayansa, ya zaro jan biro daga aljihun gaba. Ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

"Akwai filasta a jakar nan?"

Ta nemo ta ba shi. Ya yago siririya, ya manna ta a gilashin maleji, ɗan sama da arba'in, ya danne da babban yatsa. Ya rubuta 60 a kai da jan biron, manya-manya, yadda yake rubutu a littafin ɗalibin da ya faɗi.

Wayarta ta ɗauki ruri. Layi ya dawo, ga kira tara da ba ta samu ba.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ki ce masa muna lafiya. Kada ki ƙara komai."

"Zai tambaye ni ko na faɗa maka."

Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya saka. "Ki ce masa da yamma ya zo ya duba mini maleji. Ya iya karatu, ni na koya masa."

Ta ɗaga wayar. Kuka ta ji a ɗaya ɓangaren, ƙaton mutum a tsakiyar kasuwa. Ta faɗa masa abin da aka ce ta faɗa, ta kashe.

Baba ya karɓi agogonsa ya duba, saura minti ashirin da biyar. Ya tayar da mota ya hau titi, ta ɗaya, ta biyu. Bas ɗin da suka wuce ɗazu ta zo ta wuce su da hon, bai ko kalle ta ba. Ya saka ta uku, hannunsa ya tsaya a kan sandar yana danne ta yadda ya saba. Maman Ɗigo tana kallon hannun. Suka wuce dutse ɗaya, suka kusa na biyu, sannan ya ɗaga shi a hankali ya mayar kan sitiyari.