Motar da Ba Ta Buɗuwa ta Ciki

A gareji Barkono ake ce mini, kuma ba a yi mini ƙarya ba. Shekara ashirin ina gyaran mota, waɗanda na jefa da sifana sun fi a ƙirga. Wata Lahadi wa'azi ya taɓa ni, na yi kuka, na yi sati biyu cur ban zagi kowa ba. Da na ja bakina na yi shiru da ya fi mini. Amma ina! Sai na miƙe gaban ikilisiya na ba da shaida cewa Yesu ya cire mini fushi kakaf, ko ɗigo bai rage ba. Aka yi ta tafi, Fasto ya rungume ni.

A sati na uku fushin ya dawo da ƙarfinsa. To, magana zarar bunu ce. Fasto ya riga ya fara kafa misali da ni a wa'azi, mata suna nuna ni ga mazansu suna cewa, "Ka ga yadda Allah yake canja mutum?" Ta ina zan fara cewa ba haka ba ne?

Sai na koyi murmushi. A zage ni in yi murmushi, a taka ni in ce Allah ya yi albarka, ciki kuwa yana tafasa. A gida na rage magana don tsoron abin da zai fito. Matata ta ajiye abinci, in ce na gode kamar baƙo. Har addu'a ta zama mini nauyi, domin kullum godiya nake yi a kan abin da na san ba ni da shi.

A bayan gareji akwai wata tsohuwar mota da mai ita ya watsar. Nan na samu mafaka. In abin ya kawo mini wuya sai in shiga, in rufe, in yi ta ihu ina dukan sitiyari har murya ta dishe, sannan in share fuska in fito.

Ran nan da rana tsaka wani mai tasi ya kira ni ɓarawo, wai na musanya masa batir. Na yi masa murmushi, na wuce bayan gareji, na shiga na jawo ƙofa. Sai da na gama haukata na miƙa hannu zan buɗe, na ji wayam. Sai na tuna, da safe ni da kaina na kwance hannayen ƙofofin na ciki da na gilashi na sa wa wata mota. Abokan aiki sun tafi cin abinci, mota ta ɗau zafi, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ko da suna nan ma, da wace fuska zan kira su?

Ina ɗaga kai na ga matata tsaye da kular abinci. Daga idonta na gane ta daɗe a wurin.

"Buɗe mini," na ce ta gilashi.

"Baban yara, ashe nan kake kawo maganar da ka hana ni?"

"Ki buɗe mana, zafi zai kashe ni!"

"Wata huɗu ina zaune da gunki mai murmushi. Gaya mini gaskiya tukuna, ka warke?"

Na dubi sitiyari, na dube ta. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

"Ban warke ba," na ce. "Ƙarya nake yi wa kowa, har da Allah. Na gaji."

Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar. Ina shirin rarrafowa in fita sai ta shigo ta zauna, ta ɗora kular a cinya, ta jawo ƙofar garam.

"Ke! Ba ta buɗuwa ta ciki!"

"Na sani, abokan aikinka za su zo su buɗe mu, su ma su gani." Ta kama hannuna da ya kumbura. "Rufe ido. Abin da kake gaya wa sitiyarin nan, gaya wa Ubangiji, ina nan zan ce amin."